Littattafan 'yan sakandaren Amurka da 'yata ke karantawa: in ƙwace ko in zuba ido?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malama. 'Yata shekararta 15, tana SS1. Tun hutun da ya wuce ba ta da aiki sai karanta littattafan Turanci, wasu a waya, wasu aro daga ƙawaye. Na ɗauki ɗaya na leƙa da ɗan Turancin da nake ji, sai na ga labarin 'yan sakandare ne a Amurka, amma abin da ke ciki ya fi ƙarfin shekarunsu: fati, giya, saurayi, wata har da ciki. Da na yi mata magana sai ta ce wai ai don sa'o'inta aka rubuta. Me ya sa marubutan nan suke girmar da yara da wuri haka? Kuma in ƙwace ne ko in zuba ido? Babanta bai sani ba tukuna."

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya raya miki ita, Ya shirya mana su baki ɗaya. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: dalilin da ya sa littafin da aka ce na yara ne yake cike da lamurran manya, da kuma abin da ya kamata ki yi a cikin gidanki. Na yi shekara 20 da ɗoriya ina koyar da adabin Turanci a sakandaren 'yan mata, kusan rabin wannan lokaci makullin ɗakin karatu a jakata yake kwana. Irin waɗannan littattafai sun sha ratsa hannuna, wasu ta ƙofa suka shigo, wasu kuwa daga ƙarƙashin katifa aka zaƙulo su.

'Yarki ba ƙarya ta yi miki ba. Akwai rukunin littattafai da masu bugawa ke kira Young Adult, a taƙaice YA, za ki ga haka a bayan littafi ko a shafin da ake sayar da shi. Ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu ta Amurka ta ce wannan rukuni na 'yan shekara 12 zuwa 18 ne. To amma ke kin san tazarar da ke tsakanin yarinya 'yar 12 da budurwa 'yar 18, kuma duk kanta ɗaya aka jera musu.

Inda abin ya samo asali

Kafin ƙarni na 20, yaro ɗan shekara 15 a Amurka galibi yana gona ko masana'anta. Tsakanin 1910 da 1940 ne shiga sakandare ya zama ruwan dare, aka tara miliyoyin samari da 'yan mata wuri ɗaya na shekara huɗu, daga kamar shekara 14 zuwa 18, ba su cikin yara ba su cikin manya. Da aka ga sun zama jama'a mai zaman kanta, mai ɗan kuɗin kashewa, sai aka fara yi musu mujalla da waƙa da littafi. Labaran farko masu sanyi ne, damuwar yarinya ba ta wuce wa zai raka ta bikin rawar makaranta ba.

Wata yarinya ce daga garin Tulsa a jihar Oklahoma ta gaji da wannan. Sunanta Susan Eloise Hinton. Ta fara rubutu tana shekara 15, littafin ya fito a 1967 tana 18, sunansa The Outsiders. Masu bugawa ne suka ba ta shawarar ta sa S. E. Hinton kawai, kada masu sharhi su ga sunan mace su raina labarin faɗan samari. Abin da nake so ki lura da shi a littafin shi ne gidan da yaron labarin ya fito. Shekararsa 14, iyayensu sun mutu a haɗarin mota. Babban wansa, mai shekara 20, ya haƙura da jami'a yana aikin rufin gidaje don kada hukuma ta raba su ta kai ƙanana gidan marayu. Na tsakiya ya bar makaranta yana aiki a gidan mai. Akwai sigari a ciki, akwai wuƙa, akwai kisa. Amma idan kin karanta, abin da zai tsaya miki a rai shi ne saurayin nan da ya zama uba dare ɗaya, wanda tsoro ya sa ya zama mafaɗaci, ƙanensa kuma yana ɗauka ƙiyayya ce.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A shekarun 1970 aka shiga rubuta labaran ƙwaya, saki, ciki, duka, kowane littafi da tasa matsala guda. Wasu sun yi kyau, wasu kuwa wa'azi ne aka sa wa rigar labari. Har yau a kan wannan turba ake, sai dai waya ta shigo ciki.

Girma da wuri iri biyu ne

Wannan shi ne abin da na fi so ki tafi da shi, domin da shi nake auna kowane littafi. Hausawa suna da suna ga kowanne. Akwai ɗan masara, ana goyonka kana goyon wani. Shi ne yaron da rayuwa ta ɗora wa kaya kafin wuyansa ya yi ƙwari: uba ya rasu, uwa na jinya, ƙanne na jiran abinci. Akwai kuma nunar rana, ɗan itacen da ya yi ja a waje, in an gatsa a ji tsami. Ita ce yarinyar da ta ari maganar manya da tafiyar manya da sirrin manya, ta ga wuyanta ya isa yanka, alhali a ciki ƙuruciya ce danƙare. Daga nesa su biyun kamar ɗaya ne, duk an ce idonsu ya buɗe. Littafi mai kyau ya san bambancinsu, kuma sau da yawa yana nuna cewa na biyun daga na farkon yake fitowa: yarinyar da ba mai tambayar ta ya ta kwana ita ce ke saurin sauraron wanda ya tambaya a waje.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wata rana ina zagaya aji lokacin karatun shiru, na ga wata ɗaliba ta buɗe babban littafin Biology, amma rabin sa'a ba ta juya shafi ba. Na tsaya a bayanta. A tsakiya ta sa littafin Hinton ɗin nan, bangonsa ya yage an liƙe da salatif. Na karɓa na sa a jaka, na ce ta same ni bayan an tashi. A ɗakin malamai na buɗe, na tarar ta bi da fensir ta ja layi a wurare. Na zaci wuraren faɗa ne ko na 'yan mata. Ko ɗaya. Duk inda babban wan nan ya dawo aiki a gajiye, ko ya daka wa ƙanensa tsawa, nan ta ja. Da ta zo na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, ta ce, "Malama, ni ce shi." Ashe mahaifiyarta ta fi shekara a kwance. Ita ke tashi kafin asuba ta soya awara ta bar wa ƙanwarta ta kai bakin titi, ta yi wa ƙanana wanka, sannan ta taho. Ƙannenta suna ce mata muguwa. Mu kuwa a makaranta abin da muka sani game da ita shi ne mai makara ce, mai gyangyaɗi a aji. Na mayar mata da littafinta a ranar.

Ban kawo wannan don in ce duk littafin da ke hannun 'yarki irinsa ba ne. Na kawo ne don ki san cewa abin da uwa ta gani da ta leƙa shafi uku ba lallai shi ne abin da yarinya take karantawa ba.

Me ya sa marubuta suka nace wa wannan jigo

Dalili na farko na sana'a ne. Labari sai da matsala, kuma matuƙar uwa da uba suna tsaye, matsalar yaro ba ta kwana. Don haka marubuci sai ya kawar da su: ya kashe su, ko ya raba aurensu, ko ya sa su aikin dare. Mu ma a tatsuniya marainiya ce ke zuwa rafi. Ga kuma yanayin ƙasar. A yawancin jihohin Amurka ɗan shekara 16 yana iya samun lasisin tuƙi, da yawa suna aikin kanti bayan an tashi, to ga mota ga kuɗi ga dare. Giya kuwa doka ta ce sai an kai 21, shi ya sa shanta a fatin 'yan sakandare ya zama alamar "na girma" da marubuta ke ta maimaitawa har ya gundure ni.

Na biyu, yara sama suke kallo. 'Yar 13 tana son labarin 'yar 16, 'yar 16 tana son na 'yar jami'a. Masu bugawa sun san haka.

Na uku shi ne wanda iyaye ba su cika sani ba. Wani binciken kasuwar littafi da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan YA sun kai shekara 18 ko sun wuce, kuma yawancinsu kansu suke saya wa. Idan babba ne ke biyan kuɗi, ɗanɗanon babba za a bi. Shi ya sa za ki ga yarinyar labari an ce shekararta 17, amma magana da sha'awa da 'yancinta na mace mai 25 ne. Wannan ni ma yana ba ni haushi, kuma a nan ina tare da ke.

Damuwar kanta tsohuwa ce a can. Tun 1981 wani masanin halayyar yara, David Elkind, ya rubuta littafi mai suna The Hurried Child, yana kukan cewa iyaye da makaranta da talabijin suna ingiza yara su girma kafin lokaci. Abin mamaki, alƙaluma sun bi wata hanya daban da ta littattafan. Haihuwa tsakanin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Amurka ta kai kusan 62 cikin 1,000 a 1991, zuwa 2022 ta sauko ƙasa da 14. Yana da kyau 'yarki ta ji wannan, domin haɗarin da na fi gani a ɗalibaina shi ne su ɗauka haka kowa yake rayuwa a duniya, su kaɗai aka bari a baya.

Kuma kada mu yi kamar jigon baƙo ne a wurinmu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, labarin yarinyar da aka raba da karatu aka aurar wa dattijo. Girma da wuri ne shi ma, sai dai manya ne suka yi ingizar. Mun kuma gwada maganin wuta: a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata a Kano. Takarda ta ƙone. Bayan 'yan shekaru labaran suka dawo ta waya, inda ba malamar da za ta gan su a tsakiyar littafin Biology.

Yadda nake auna littafi

Ba na ƙirga munanan abubuwan da ke ciki, domin da haka ne da littattafai masu amfani da yawa sun faɗi. Ina duba ko abin da aka aikata yana da farashi, kuma wa ya biya. Akwai littafin Angela Johnson na 2003, The First Part Last, labarin yaro ɗan 16 da ya zama uba. In kin ji jigon za ki ce a jefar. Amma cikinsa rashin barci ne, kukan jariri da tsakar dare, gyangyaɗi a aji, abokai suna wasa shi yana neman mai riƙe masa 'ya. Ban ga ɗalibar da ta gama shi tana sha'awar abin ba. Haka Speak na Laurie Halse Anderson, 1999: yarinya ce da wani babban ɗalibi ya yi wa fyaɗe a wurin fati, ta kira 'yan sanda, ƙawaye suka juya mata baya saboda ba su san dalili ba, ta kusa daina magana shekara guda. Abu ne mai nauyi, ba zan ba 'yar JSS ba. Amma ga 'yar 15, a ƙasar da yarinya kan haɗiye irin wannan don gudun abin kunya, na sha ba da shi da hannuna.

Sai in duba inda marubuci ya daɗe. In shafi goma ya yi yana siffanta daren fati, ya ba nadama layi biyu a ƙarshe, to nadamar ta fita kunya ce kawai. In kuma saurayin labarin mai kishi ne, mai binciken waya, mai tsawa, aka nuna wannan a matsayin tsananin so, wannan littafin ya fi mai zagi a ciki illa, domin shi ne darasin da yarinya za ta shiga da shi gidan miji.

Wa'azin tsoratarwa ma ba ya burge ni. A 1971 aka fitar da Go Ask Alice a matsayin ainihin kundin sirrin wata 'yar 15 da ƙwaya ta hallaka. Iyaye da malamai suka yi ta raba wa yara. Daga baya ta bayyana cewa wata babbar mace ce, Beatrice Sparks, ta tsara shi. Yara suna da hancin jin ƙanshin irin wannan, kuma ranar da suka gane an yi musu dabara, sauran nasihar ma sai su haɗa su watsar.

Akwai jigo ɗaya da nake taka-tsantsan da shi fiye da kowanne, wato kashe kai. Littafin Thirteen Reasons Why ya fito a 2007, Netflix ta mai da shi fim mai dogon zango a 2017, likitoci suka yi ta ƙorafi, har a 2019 kamfanin ya cire wurin da aka nuna mutuwar yarinyar. Irin wannan ba na barin yarinyar da na san tana cikin damuwa ta karanta ita kaɗai.

Sannan ki bincika da kyau, ƙila abin da ya fi tayar miki da hankali ba YA ba ne sam. Littattafan soyayya na manya da ake yayi a TikTok, masu bango mai zanen furanni kamar na yara, suna yawo a wayoyin ɗalibai. A Wattpad, manhajar karanta labarai a waya, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ba edita. Kuma in faɗa miki gaskiya, wasu littattafan Hausa da ake sayarwa a WhatsApp, waɗanda ake rubuta wa "na matan aure ne" a sama, sun fi na Turancin da kika gani fitsara nesa ba kusa ba. Wannan gargaɗin a idon 'yar 15 gayyata ce.

Da ni ce ke

Ba zan ƙwace ba tukuna, ba kuma zan zuba ido ba. Ƙwace na taɓa yi, a farkon aikina. Na kama wata da littafi, na kai ta gaban shugabar makaranta, aka karanta wani shafi a bainar jama'a wurin taron safe, ɗalibai suna dariya. Littafin kam bai dace da ita ba, har yau ban canza ra'ayi ba. Amma yarinyar nan ba ta ƙara taka ɗakin karatu ba har ta gama, kuma duk ajin suka koyi ɓoye mini. Na yi maganin littafi ɗaya, na rasa sanin sauran ɗari.

Abin da nake ba iyaye shawara shi ne ki ce ta kawo miki wanda ta fi so a cikinsu, ba wanda kika kama ba. In Turancin zai yi miki nauyi, ki ce ta ba ki labarin da Hausa, kuna tsinke zogale ko kina yi mata kitso, lokacin da ba ido cikin ido ba. Yadda za ta ba da labarin zai gaya miki abin da ta ɗauka. Ki tambaye ta wa ta fi tausayi, ina uwar yarinyar take lokacin da abin ya faru, da ƙawarta ce me za ta ce mata. Kada ki yi saurin kawo hukunci, ki bari ta kai can da bakinta, sau da yawa za ki ji ta fi ki tsanani. Bayan nan kina da hurumin cewa wannan kam ban yarda ba, ga dalilina, a addininmu da tarbiyyarmu. Yarinyar da aka saurara ta fi karɓar "a'a". Na manya kuwa da na WhatsApp ɗin nan, babu ciniki a kansu, kuma waya ta kwana a ɗakinki. Ki kuma cike gurbin da wani abu. The Last Days at Forcados High School na A. H. Mohammed labarin 'yan sakandare ne a Legas, JAMB ma ta taɓa sa shi cikin jarrabawarta, yana taɓa irin waɗannan matsaloli ba tare da ya wuce gona da iri ba.

Batun babanta, ba na son ɓoye-ɓoye tsakanin iyaye a kan tarbiyya. Amma ki fara sanin abin da ke ciki, don ki je masa da bayani. In kika je da "na kama ta", a fusace zai yanke hukunci, ke ce kuma za ki zauna da sakamakon.

Ni malama ce, ba likita ba, kuma 'yarki ban taɓa ganin ta ba, ke kika san ta. Ɗalibaina ma 'yan mata ne, kuma a makaranta nake ganin su, ba a gida ba. In kin ga karatun ya zo tare da wasu canje-canje, ta daina cin abinci, ta daina barci, ta janye daga ƙawaye, sakamakonta ya faɗi, ko kin ga kuɗi da kayan da ba ke kika saya ba, to maganar ta wuce littafi, a nemi likita ko malamar da ta yarda da ita. In kuwa tana sallarta, tana aikinta, tana faɗa da ƙannenta kamar kullum, ki fara da kitson ranar Asabar. In littafin takarda ne, ki duba ko ta ja layi a wani wuri.